Na Sayar da Igwoyin Auta

Litinin, da yamma

Yau ma tiren ya dawo yadda na ajiye shi, cokali kawai aka juya. Na tsaya a bakin ƙofa na ce, "Auta, ko shayin ne ka sha." Shiru. Ina jin ƙarar gadonsa, ina jin famfon banɗakinsa, to, da rai dai. Namiji da gemunsa, direban babbar bas ta kamfani, wanda in ya yi dariya sai kwanukan kicin sun amsa, ga shi ya kulle kansa a ɗaki yana wasan ɓuya da uwarsa.

Shugaban direbobi ya sake kira. Kwamiti zai zauna Alhamis ta ƙarshen wata a kan abin da ya faru a gada. Ya ce, "Mama, dole ya zo ya yi bayani da bakinsa. In bai zo ba za su rubuta abin da suka ga dama, aikin ya tafi, ni kuma ba yadda zan yi." Na ce zai zo. Ban san da wane baki na faɗa ba.

Rigar aikinsa na cikin bokiti tun ranar. Ban wanke ba, ban zubar ba.

Talata, da asuba

Ashe yana fitowa! Na shiga kicin zan ɗora ruwa, sai na ga abin wasan nan nasa a bayan butar shayi, an sa shi a caji. Gem ɗin hannu, wanda ya saya bara, na yi ta masa gorin cewa ƙato da shi yana latse-latse kamar ɗan firamare. Soket ɗin ɗakinsa ya ƙone tun kafin wannan abu, kullum ina cewa zan kira mai gyaran wuta. Kenan sai na yi barci yake lallaɓowa ya sa, in na tafi kasuwa ya ɗauke.

Mai gyaran wuta ya ci gaba da jira. Ba zan kira shi ba.

Laraba, da rana, a shago

Ciniki ba laifi. Na sayar da kuloli da robobi, wata ta ɗaga tukunya ta ajiye har sai da na ce mata tukunyar ba ta ƙara kyau da kallo. Mai Takalma, maƙwabciyata a layi, ta leƙo ta ce, "Ya jikin ɗan namu?" Na ce da sauƙi. Ba jikinsa ba ne, ta sani, na san ta sani. Allah ya saka mata, ba ta ƙara ba.

Na tashi da wuri na biya asibiti da kwanon abinci. Matar mai keken da bas ɗin Auta ta buge a gada na zaune a kan benci a waje. Ta karɓa, ba ta dube ni ba. Mijin nata bai buɗe ido ba tukuna.

Alhamis, da asuba

Na taɓa abin. Wallahi goge shi kawai na yi niyya, maiƙo ya fallatsa masa. Sai fuskar ta kawo haske, ga ƙarar ruwa tana fitowa a hankali, ga ɗan jirgi irin na da, mai ƙyallaye, yana lilo a kan teku. Na ɗauko tabarau.

Rubutun ba duka nake ganewa ba, amma hoto da lamba ba sai an fassara min ba. Na danna nan na danna can, sai ga ni a kasuwa. Kasuwa sosai, buhunan barkono, gishiri, kanumfari, bandir na yadi, kowane da farashinsa a gefe. Akwai taswira kuma, tsibirai barkatai, kowane da tasharsa da nasa farashin. Ban ɗauki lokaci ba na ga gishiri a wannan tsibiri kamar kyauta yake, a na gaba kuma kamar zinariya. Cikin jirgin Auta kuwa wayam, ba ko buhu. Yaron nan yana yawo a teku da jirgi ba kaya! Wa ya haife shi?

Na ajiye yadda na samu. Ruwana ya ƙone a tukunya.

Juma'a

Ya ci rabin burodi.

Asabar, da yamma

Hukuma ta zo. Haka muke kiran yayarsa tun tana ƙarama, don ko 'yar tsana sai ta kafa wa doka. Ko mayafi ba ta cire ba ta nufi ƙofarsa ta hau bugu.

"Auta! Ka buɗe ko in sa a ɓalle! Kai kaɗai aka taɓa jarrabta a duniya?"

Na janye ta zuwa kicin. Ta ce, "Mama, ke kike lallaɓa shi. Likita yake buƙata. Wannan abin wasan ma ki ɗauke ki kulle, shi ke ƙara riƙe shi a ɗaki."

Na ce, "Likita kam ina tare da ke, ki nemo mana. Amma abin wasan a bar shi."

"Saboda me?"

"Shi kaɗai ke fito da shi."

Sai ta kifa kai a kan tebur ta yi kuka. Hukuma da kuka, abin da rabona da gani tun ranar da muka rasa babansu. Na dafa mata shayi. Da za ta tafi ta je ta jingina da ƙofar ta ce a hankali, "Ƙanina, ka yi haƙuri da bakina." Bai amsa ba, amma na ji ƙarar gadon ta tsaya.

Lahadi, da asuba

Na yi abin kunya, kuma na ji daɗinsa. Na loda wa jirgin gishiri har wuya, na tuƙa shi zuwa tsibiri na gaba. Tuƙin ba wuya in teku ba kowa, 'yar sandar nan kake turawa da babban yatsa. Na bugi dutse sau ɗaya, dutsen ne bai kauce ba. Na sayar da gishirin, na sayi kanumfari, na ajiye abin ƙirjina na dukan tara-tara kamar wadda ta saci nama a miya.

Litinin, da asuba

Ya gane.

Yau ba a bayan buta na same shi ba. Yana kan tebur, kusa da gidan tabarauna, an jawo wayar cajin har can. Jirgin yana tsaye a wata tasha da ban sani ba, inda kanumfari ke da tsada, kayan suna ciki ba a taɓa ba. Kawo min ya yi in sayar.

Na daɗe zaune ina kallon ɗan jirgin. Rabona da jin maganar ɗana tun ranar gada, sai yau, kuma ko baki bai buɗe ba. Na sayar da kanumfarin da kyau, ban yi masa asara ba.

Laraba, da hantsi, a shago

Mun raba aiki, ni da abokin kasuwancina. Ni saye da sayarwa da asuba, shi tuƙi da faɗa da rana. Akwai 'yan fashi a tekun, jirage masu baƙin ƙyalle. In na hango su daga nesa nakan juya da gudu in koma tasha, in bar masa. Washegari sai in ga an wuce wurin, jirgin da 'yan ƙuraje a jiki, kaya lafiya.

Mai Takalma ta kama ni ina murmushi ni kaɗai. Ta ce, "Ke kuma fa? Wani ya fito ne?" Na ce ina, barkono ne ya yi tsada a tsibirin kudu. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce in riƙa shan maganin hawan jinina a kan lokaci.

Alhamis

Ya cinye shinkafar. Ya wanke farantin ma, ko da yake wankin maza.

Juma'a, da yamma

Likitar da Hukuma ta samo ta zo, mace mai sanyin murya. Ta jawo kujera ta zauna a bakin ƙofa tana magana, kamar mai hira da bango. Da ta fito ta ce min ya amsa mata kalma biyu-uku. Na ji kishi, ba zan ɓoye ba. Ni da na ɗauki cikinsa ko tari bai yi min ba. Ta ce, "Haka abin yake, Mama. Wanda aka fi jin kunyarsa shi ake bari ƙarshe." Za ta dawo.

Asabar, da asuba

Akwai abin da ke damuna a taswirar. Babbar kasuwa tana can bayan wata mashiga, wani siririn ruwa tsakanin duwatsu biyu. Ta nan kusa ne. Amma Auta kullum sai ya zagaya ta doguwar hanya, ta cikin 'yan fashi, ya sha faɗa. Na ce wannan ɓata lokaci ne, yau ni zan bi ta mashigar.

Cike take da ƙananan kwale-kwalen masunta, suna gilmawa ta ko'ina. Na yi ƙoƙarin kaucewa, jirgin da nauyi, ba ya tsayawa lokacin da kake so. Na bugi ɗaya. Ya kife, ɗan mutumin ciki ya faɗa ruwa yana ɗaga hannu.

Na juya da jirgin na koma tasha. Na kife abin a kan tebur. Yau ban je kasuwa da wuri ba.

Asabar, da yamma

Ruwan sama, irin na ranar gada. Na rufe duk tagogi don kada ya ji ƙarar sosai.

Lahadi, bayan azahar

Mai keken ya buɗe ido! Matarsa ce ta tare ni tun daga baranda, ta riƙe min hannu da kwanon da komai. Ƙafarsa za ta ɗauki lokaci, amma ya gane ta, ya nemi ruwa, har ya tambayi kekensa. Na zauna a bencin.

Da na dawo na faɗa wa ƙofa. Na ce, "Auta, ya farka. Ya yi magana." Na ji wani sauti daga ciki wanda ba zan rubuta ba. Na bar shi.

Na zaci zai fito. Bai fito ba. Alhamis ta sama ce kwamitin.

Talata, da asuba

Yadi ya faɗi warwas a tashar da muke. Irin faɗuwar da in ɗan kasuwa ya gani ya wuce, sai a duba lafiyarsa. Na cika jirgin, wuri ya ƙare, yadi bai ƙare ba. Na shiga duba me ke cinye mana wuri. Sai ga wasu baƙaƙen ƙarafa jere a gefe da gefe, manya-manya, masu nauyin tsiya. Tunda na fara ban ga an saye su ba, ban ga an sayar ba, ba riba ba komai. A shagona kayan da ya shekara a kanta bai motsa ba, karya shi nake in sa mai tafiya. Maƙerin tashar kuma ya taya da daraja.

Na sayar da su duka. Na zuba yadi a gurbinsu. Jirgin ya yi sauƙi, yana gudu kamar an sake shi. Har na ce bari in ƙarasa masa tafiyar da kaina ya tashi ya ga abin mamaki.

Talata, da hantsi

Innalillahi. Ashe bindigogin jirgin ne.

Baƙin ƙyalle ya ɓullo, na danna inda na ga alamar wuta, ba abin da ya fita. Suka zagaye ni, suka hau, suka kwashe yadin tas, da kuɗin, har da ƙyallen jirgi guda. Ma'aikatan jirgin rabi suka bi su, marasa amana. Da kyar na ja abin da ya rage zuwa wani ɗan tsibiri da ba komai sai bishiyar kwakwa da mai sayar da busasshen kifi.

Na kashe na kunna, ko zai koma yadda yake jiya. Bai koma ba. Na ajiye shi a bayan buta, ba a kan tebur ba, na fice kasuwa kamar ana kora ta.

Jirgin da ya shekara yana ginawa. Abu ɗaya da ya rage masa.

Laraba, da asuba

Ba gem a kicin. Soket ɗin wayam.

Tiren ya dawo ba a taɓa ba.

Alhamis, da asuba

Babu.

Na tsaya a ƙofa na ce, "Auta, ban san bindigogi ba ne. Na zaci kayan da suka ƙi tafiya ne." Shiru. Ni da nake cika baki cewa ba a taɓa cuta ta a ciniki ba, ga shi na cuci ɗana da hannuna. Na yi kuka a shago a bayan kuloli, Mai Takalma ta tsare min ciniki. Da na ba ta labari ta rasa ko dariya za ta yi ko jaje, sai ta ce, "Yanzu ke duk girman nan naki, 'yan fashin cikin waya ne suka sa ki kuka?" Na ce ba waya ba ce. Ta ce to Allah ya mayar da alheri.

Saura mako guda.

Juma'a, da hantsi

Dole in rubuta wannan.

Ina yanka albasa na ji an murɗa makulli. Ban juya ba, na ji tsoron in na juya zai koma. Takunsa ya zo har kicin. Ya sa caja a soket, ya jawo kujerar roba, ya zauna, ya rungume abin a cinya. Cajin ne ya ƙare masa, kuma ba zai sake barin sa a hannuna ba. Gadi ya fito yi.

Ya rame. Gemun ya yi buzu-buzu, idanun sun faɗa. Na ci gaba da yanka albasar da ta riga ta yanku.

Can ya ce, da wata murya kamar ƙofar da ta daɗe a rufe, "Mama. Ina igwoyina?"

"Me?"

"Igwa. Bindigogin. Ina suke?"

"Na sayar."

"Kin sayar."

"An taya da daraja, Auta."

"Mama, wa ke sayar da igwa a tsakiyar 'yan fashi? Wa? Kin san wahalar da na sha kafin in tara su? Ta gaban nan, mai bakin zaki, sai da na nutsar da shugabansu kafin in same ta! Kika ba maƙeri! Don yadi!"

"Yadin ya faɗi ne sosai."

"Yanzu ina yadin?"

Na ce yana wurin 'yan fashi, Allah ya sa ya yi musu ƙaiƙayi.

Ya dube ni, na dube shi. Gefen bakinsa ya motsa, ya yi maza ya danne. Ya ci gaba da faɗa, ni kuwa ina tsaye da wuƙa a hannu hawaye na zuba, ina cewa albasa ce. A rayuwata ba a taɓa yi min faɗan da ya yi min daɗi kamar wannan ba. Da zai yini yana yi, da na ƙara masa ruwa ya jiƙa maƙoshi.

Na ce, "To a mayar da shi baya mana, kafin in sayar."

Ya ce, "Ba a komawa baya a wannan. Abin da aka yi an yi."

Na zuba abinci na ajiye a kan tebur, ba a tire ba. Ya ci da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe da gem ɗin, wai kada in sayar da jirgin gaba ɗaya. Da cajin ya cika ya koma ɗaki. Ban ji ƙarar makulli ba.

Asabar, da yamma

Ya sake fitowa gadi. Na ƙi zuwa kasuwa, na ce ƙafata ke ciwo. Ya ce, "Wace ƙafar?" Na nuna ta dama, alhali da safe ta hagu na ɗingisa.

Mun yi shawara kamar manyan 'yan kasuwa. Abin da ya rage ya isa mu sayi busasshen kifi kawai. Na ce kifi a babbar kasuwa yana da daraja, daga nan za mu farfaɗo. Ya ce doguwar hanya ba ta biyuwa ba igwa, za su cinye mu. Na ce to. Ya ce to. Dukanmu mun san hanyar da ta rage, ba wanda ya ambace ta.

Hukuma ta kira, na ce mata yana kicin. Ta ce, "Wane kicin?" Na miƙa masa wayar. Ya ce, "Yaya, ki zo ki ɗauke uwarki, ta karya ni." Ihun da ta yi har ni na ji.

Lahadi

Likitar ta zo, sun zauna a falo. Na ba su wuri, na je na wanke rigar da ke cikin bokiti.

Litinin, da hantsi

Mun loda kifi. Ya tuƙa har bakin mashigar, ya tsaya. Kwale-kwalen suna ta gilmawa. Ya miƙo min ya ce, "Ke wuce da shi."

Na ce, "Na taɓa gwadawa. Na kife mutum."

Ya ɗago ya dube ni.

Na ce, "Ina ganinsa, ina juyawa, jirgin ya ƙi jin magana. Ban yi barcin kirki ba ranar, a kan ɗan mutumin da ko suna ba shi da shi. In ka ba ni zan sake, hannuna bai iya ba. Kai ne direba."

Ya ajiye abin a kan tebur. Ya tashi ya sha ruwa. Ya tsaya a taga har na ce shi ke nan, na sake ɓatawa. Sai ya dawo ya goge tafin hannunsa a wando ya ɗauka.

Ban taɓa ganin tuƙi irin wannan ba. Ya sauke ƙyallen jirgin saura kaɗan, yana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai. In kwale-kwale ya taho sai ya dakata tun daga nesa ya bar shi ya wuce. Gumi na ɗiga daga gemunsa. Ina jin yana magana ƙasa-ƙasa, "Wuce, bawan Allah. Wuce." Ni kuma na riƙe bakin tebur ina addu'a a kan jirgin wasa, ba kunya.

Da duwatsun suka buɗe, teku ya yi faɗi, ga fitilun babbar kasuwa, sai ya kifa kai a kan hannunsa. Kafaɗunsa suna rawa. Na matsa na dafa bayansa.

Ya faɗa min komai, tun daga fitowarsa daga tasha ranar, da ruwan, da birkin da ya kai ƙara a kansa tun kafin nan, da abin da ya gani ta gilashi. Ba zan rubuta ba. Nasa ne, kuma ranar Alhamis akwai masu buƙatar ji.

Kifin ya yi wari kafin mu sayar, saboda jinkiri. An taya a wulaƙance. Na ce a sayar haka.

Talata, da yamma

Ya ce in raka shi asibiti. A mota ya runtse ido da muka hau gadar, ya riƙe hannuna kamar zai karya, amma bai ce a tsaya ba.

Na tsaya a baranda da matar. Ta ƙofa na hango shi ya durƙusa a gefen gado, mai keken ya ɗora masa hannu a ka. Sun daɗe. Da muka fito ya ce min, "Mama, cewa ya yi in an gyara masa keke in zo in koya masa kaucewa." Ya yi dariya, ta fito a karkace, amma dariya ce.

A hanya ya tsaya wurin mai aski.

Laraba

Ya goge rigarsa da kansa. Ya ƙona gefen aljihu.

Alhamis, da safe

Ya fito cikin rigar aiki, ta yi masa yawa. Hukuma na waje da mota tana danna hon kamar gobara ake. Ya sha shayi a tsaye. Na ce, "Ka faɗi abin da ka faɗa min, yadda ka faɗa min." Ya ce to.

Ya kai ƙofa ya dawo. Gabana ya faɗi, na ce ɗaki zai koma. Sai ya zaro gem ɗin daga aljihu ya ajiye kusa da tabarauna.

"Na sayi igwa guda, ƙarama. Mama, don girman Allah."

"Ko an taya da daraja?"

"Ko an ba ki tsibiri."

Na tsaya a bakin gida har motar ta sha kwana. Ban san me kwamiti zai yanke ba. Su mayar masa da mota ko su riƙe, wannan nasu ne. Da ƙafarsa ya fita.

Alhamis, da rana, a shago

Hukuma ta kira, sun fito. Ya yi bayani tun daga farko har ƙarshe, muryarsa ba ta yanke ba, har shugaban direbobi ya tashi ya ba da shaida a kan birkin. Sai mako mai zuwa za a ji hukunci. Na ji shi a gefe yana cewa a tambaye ni me za a ci yau, wai yunwa yake ji.

Da zan fito da safe na ga tiren nan jingine a bakin ƙofar ɗakinsa. Na wanke shi na taho da shi, na ɗora a gaban shago. Wata ta ɗaga ta juya ta ce, "Wannan ai an yi amfani da shi." Na ce ƙwarai, ya yi aiki ya gama. Ta taya, tayin raini, irin wanda da wata rana ce sai layin nan duka ya ji muryata.

Na ce, "Kawo."

Mai Takalma ta saki baki. Ta ce, "Ke? Tayin farko? Yau lafiya?"

Na ce lafiya lau. A gidanmu a tebur ake cin abinci.